Harsashi Uku da Man Shanun Inna

A gidanmu na Deule akwai abu biyu da ko ɗan auta bai isa ya yi wasa da su ba: rumbun Baba da ƙoƙon man shanun Inna. Baba ya tsani laima. In hadari ya haɗu daga gabas, kafin ya yi murnar shuka sai ya zagaya rumbu sau uku yana laluben tsaga da yatsa. Inna kuwa bushewa ce abokiyar gabarta. Duk abin da ta ga ya yi furu-furu, takalmin fata ne, ƙwarya ce, ko ƙaurin jika, sai ta cafke shi ta mulke da mai. Mu shida ta haifa, kuma ban tuna ranar da ɗayanmu ya fita ƙofar gida ba ya ƙyalli ba.

Asalin gabar Baba da laima ba sirri ba ne, don ni kaina a bakin rijiya na fara jin labarin kafin in ji shi a gida. Baba jikan maharba ne. Lokacin da zai auri Inna yana da bindigar gado, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A wancan zamanin, in an ɗauko amarya daga wani gari, sai an buga mata bindiga a bakin gari, don kowa ya san an yi baƙuwa mai daraja. Inna ƴar Azarori ce. Aka ɗauko ta a kan raƙumi, danginta suka rako ta wuni guda cur, suka iso da la'asar. Ashe ruwan farko da aka yi kwana biyu kafin nan ya ɗiga ta rufin ɗakin Baba, ya sauka daidai kan goran albarushi. Ango bai lura ba, hankalinsa yana wani wuri.

Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi aka ba bindigar. Ya hau wani faffaɗan dutse da ke bakin gari, ya ɗaga ta sama, ya runtse ido, ya ja kunama. Bindiga ta ce “fus”. Raƙumin da ake tsoron zai firgita ko waiwayowa bai yi ba.

Mutanen Azarori ba su yafe ba, kuma ba su da niyya. Shugabansu a wannan aikin shi ne Kawu, yayan Inna. Shekara da shekaru, ko a kasuwar Madawa ya hango Baba, ko a wajen suna, ko a wajen gaisuwar mutuwa, sai ya gama gaisuwa tsaf, ya tambayi gida da gona, sannan ya sassauta murya ya ce, “To, mutanen Deule, albarushi ya bushe?” Ita ma Inna ba ta rage masa komai. In tana jin nishaɗi takan ce mana, “Kowace amarya da ƙara tas shigo garin ga. Ni da tusar bindiga anka tarbe ni.” Muna dariya, ita ma tana yi, amma sai da na girma na gane abin yana ci mata rai da gaske.

Tun satin bikin Baba ya shanya albarushinsa ya ce zai buga mata tata. Inna ta ce ba ta yarda ba. Bindigar amarya a bakin gari ake buga ta, tana shigowa, da rakiya a bayanta, ba a tsakar gida tana daka ba. Sai Baba ya yi alkawari: duk ranar da ta sake shigowa Deule da rakiya, shi da hannunsa zai buga mata. Matsalar ita ce Inna ba ta zuwa ko'ina. In ta je biki Azarori, a motar kasuwa take dawowa, tsakanin buhun albasa da kaji, kuma ta ce kaji ba rakiya ba ne.

Daga baya bindigar gadon ta tsage, Baba ya sami wata ta zamani, mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a saka harsashi. Da takardarta ya same ta, kuma wannan takarda, da yake kira permi, ta fi takardun haihuwarmu samun kulawa. Harsashin kuwa kartush muke ce masa: jan kwali ne mai kaurin babban yatsa, da gindin tagulla. Da su ya kori dila daga garken awaki, da su yake sanar da ƙauyukan kewaye in an ga watan salla. Sannu a hankali namun daji suka ƙare, rediyo ta karɓe aikin wata, ƙasa kuma ta ɗauki zafi har sayen harsashi ya zama abin da mutumin kirki ba ya ko tambaya. Ranar da Baba ya leƙa kwalinsa ya ga saura uku, sai ya tara mu ya ce, “Waɗanga na uwarku na. Ko kura tash shigo ɗaki, da sanda za mu gana.”

Ajiyar da ya yi musu, ko jariri albarka. Kowane ya naɗe shi da tsumma mai tsabta. Ya jera su a gwangwanin madara mai murfi, ya jefa ɗan gawayi a ciki, wai shi ke shanye laima. Gwangwanin ya shiga tsohon burgamin fata, burgamin kuma aka rataye shi a turke cikin rumbu, can sama kusa da baki. Ya zaɓi rumbu saboda dalili biyu. Na farko, rumbun laka irin namu na Adar a kan duwatsu yake zaune, ruwa ba ya taɓa gindinsa, cikinsa kuma da sanyi ko ana zafin da kaza ke buɗe baki. Na biyu, a wajenmu mace ba ta shiga rumbun mijinta. Ko leƙawa ba ta yi. Mai gida ne ke hawa ya fiddo damin da za a ci, kuma matar da aka ji ta san yawan abin da ya rage a ciki ta shiga bakin duniya.

Sau ɗaya a shekara, bayan an gama girbi kafin a zuba sabon hatsi, Baba yakan sauko da burgamin. Mu yara mun ɗauki ranar kamar ƙaramar salla. Zai shimfiɗa tabarma, ya wanke hannu ya goge, ya kwance tsummokaran ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga kowane harsashi a rana, ya juya shi, ya kai kunne ya girgiza. Maƙwabta sukan shigo kallo. Abin da ke ba kowa mamaki shi ne, shekara tana bin shekara amma kartush ɗin sai ƙara kyau suke yi. Jan ya yi jawur, tagullar tana walƙiya. Baba yakan ce, “Ku diba da kyau. Awa jiya anka yi su. Ajiya ilimi ta.” Har daga wasu ƙauyuka ake zuwa tambayarsa yadda ake adana abu, shi kuma ya gyara zama ya yi ta bayani a kan gawayi. Inna tana gefe tana tsince wake, ba ta cewa uffan.

Na gano dalilin shirunta shekarar da na zo gida wankan haihuwar fari. A lokacin na fara koyarwa a lakwal a Madawa, ina ji da kaina, ina ganin babu abin da ya rage a gidanmu da ban sani ba. Bazara ce, ranar kasuwar Buza, Baba ya tafi tun da safe. Na fito daga ɗaki da hantsi, sai na ga tsani jingine da rumbu, a kan tsanin kuma ga ƙafafun uwata. Rabin jikinta yana ciki. Ta sauko da burgami a kafaɗa, ta gan ni, ko gezau. Ta zauna a inuwa, ta jawo ƙoƙon man shanu, ta kwance kayan Baba kamar ita ta ɗaure su.

Na ce, “Inna! Rumbun Baba?”

Ta ce, “Rage murya, ɗanki na kwana.”

Ta lakato mai da ɗan yatsa, ta shafe harsashin farko tun daga baki har gindi, ta cusa har cikin ɗan zagayen da ke tsakiyar tagullar, sannan ta goge da gefen zane har ya daina maiƙo. Tana yi tana min bayani, a hankali, kamar ni ce ɗalibar. Wai ubana laima kawai ya sani. Shi bai san zafin Adar ba? Abin nan takarda ce. Wace takarda ce za ta shekara goma a ƙasar nan ba ta bushe ta tsage ba? In ta tsage, garin da ke ciki ya zube, ranar da za a buga mata kuma a sake jin “fus”? Ta ce, “Sau guda anka yi mani, ba a ƙarawa. Shi shi tsare ruwa, ni in tsare rana.”

Na tambaye ta ko bai taɓa jin warin man ba. Ta ce burgamin ai fata ne, kuma a gabansa take shafe shi duk ranar da ya sauko da shi. Ban da haka, mene ne a gidan nan ba ya warin man shanu? Gaskiya ta faɗa. Ni da karatuna da komai, maganar ta shige ni sarai. Har riƙe mata tsani na yi da za ta mayar.

Haka aka ci gaba. Duk kaka Baba ya yi taron nuna ajiya, duk bazara Inna ta hau tsani. Na haifi na biyu, na uku, na huɗu. Gashin Baba ya yi fari fat. Wata shekara ciwon ƙirji ya kwantar da shi har muka kai shi asibitin mishan, ya yi sati biyu. Ranar da aka sallame shi, muna cikin mota, ya ce da ni, “Abu guda yar rage mani. In na buga ma uwarku bindigarta, sauran kuma sai tahiya.” Na yi masa faɗa sosai, irin faɗan da nake yi wa ƴan aji. Ya yi murmushi kawai yana kallon gonaki.

Wannan maganar ce ta sa muka haɗa kai, mu shida, da na Abija da na Agadas da mu na gida, muka biya wa Inna Makka. Baba ya riga ya je tun da ƙarfinsa. Da aka gaya mata, kuka ta fara yi, ta yi godiya ga Allah. Tana share hawaye sai ta juya wajen Baba ta ce, “Alhazai dai da rakiya su ka shigowa gari.” Ya ce, “Na sani.”

Tun ranar da jirginsu ya tashi Baba bai zauna ba. Ya je wajen mai gari, mai gari ya kai maganar ga jandarmomi, aka duba permi, aka yarda: harbi uku, da rana, baki ya kalli gonaki, kuma jandarma ɗaya zai tsaya a wurin. Ya wanke bindiga. Ya aika Azarori takanas a gaya wa Kawu ya zo, kuma ya zo da kunnuwansa.

Saura kwana takwas su dawo, ina zaune a ƙofar lakwal lokacin hutun tara, ina ba mai gadinmu labari. Tsohon soja ne, mai son hira. Ina ta yabon iyayena, na gaya masa gawayi, na gaya masa rumbu, yana gyaɗa kai yana cewa tsohon ya san aiki. Sai na ƙara da man shanu, don in burge shi. Ya ajiye kofin shayinsa.

Ya ce, “Madam, mai kinka ce?”

Na ce, “Man shanu mai kyau, na Fulani.”

“Shekara nawa?”

“Ta fi ashirin.”

Ya kama baki. Ya ce a bariki abu na farko da ake koya musu shi ne bindiga tana son mai, harsashi ba ya so. Mai yana ratsa kwali, yana bin gindin tagulla ya kashe ɗan abin da ke kama wuta. Ya ce ruwa ma wani lokaci yana yin rangwame, mai ba ya yi. Na ce to ina za a sami sababbi, guda uku kacal? Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, “Madam, so kike a ruhe mu mu biyu?” Ban sake tayar da zancen ba.

Da yamma na kira wayar wata maƙwabciyarmu da suke ɗaki ɗaya da Inna a Makka. Bayan gaisuwa na ce, “Inna, kin tuna aikin da kike yi a rumbu?”

Ta ce, “Ke, ƙasa mai tsarki nike. Iya bakinki.”

“An ce mai yana kashe kartush.”

“Wa yac ce?”

“Wani tsohon soja.”

“Soja mi yas sani ga man shanu? Shanu gare shi?”

Na yi mata bayani yadda aka yi min. Sai ta ce, “Kin hwaɗa ma ubanki?” Na ce a'a. Ta ce, “To kak ki hwaɗa. Maganata ce.” Sannan ta tambaye ni ko ana ba awakinta dusa. Muryarta ba ta yi kama da ta mai tunanin awaki ba.

Ranar Asabar na hau mota na je Deule. Na tarar da Baba a zaure yana gwada farar riga. Na zagaya, na zagaya, na ce, “Baba, da an gwada guda ɗaya mana, a tabbata.” Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, “Ukkun duka nata na. In na harba guda, na ci mata guda. Ke ba ki ga ƙyallinsu ba?” Na gani. Ni na ma san inda ƙyallin ya fito. Sau biyu na buɗe baki in faɗa, sau biyu na tuna maganar cikin mota, na ga yadda yake tafiya da ƙarfi kamar an rage masa shekara goma. Na koma Madawa ina jin haushin kowa: haushin Inna, haushin Baba, haushin sojan da bai iya yin shiru ba, da haushin kaina da na riƙe tsani.

Inna ta sauka a gidana ta kwana ɗaya, da safe muka ɗauki hanya. Rakiya kam ta samu. Motarmu a gaba, motar mutanen Azarori a baya da Kawu a gidan gaba, sai babura sun fi goma suna ta oda. Tana sanye da farare, ga sabon haƙorin Makka, amma tun daga Madawa ba ta yi murmushin da za a gan shi ba. Carbi kawai take ja. Da muka fara hango rumbunan Deule sai ta kama hannuna ta matse.

Duk gari ya fito. Baba yana tsaye a kan faffaɗan dutsen nan na bakin gari, jikoki biyu sun taimaka masa ya hau. Jandarma yana gefe. Baba Ƙarami ya koma can bayan mutane, ya ce shi ya yi nasa tun tuni. Direba ya tsaya, aka kashe babura. Baba ya karya bindiga, ya saka na farko, ya juya wajen gonaki, ya ɗaga. Mata suka toshe kunnuwa.

Ƙyas.

Ya tsaya yadda yake, bakin bindiga a sama, ya jira, don ya san ƙa'ida. Ba abin da ya biyo baya. Ya fitar, ya duba, ya saka a aljihu, ya ɗauko na biyu. Ƙyas. Na ukun sai da ya faɗi a kan dutse, jandarman ya ɗauko ya miƙa masa da hannu biyu. Baba ya yi bisimilla a fili, ya ja.

Bindiga ta ce “fus”. Ɗan hayaƙi ya fito a kasalance, ƴan ƙwayoyin dalma suka zubo a kan duwatsu taku kaɗan daga inda yake. Iska ta kaɗo mana wani ƙauri, irin na lokacin da aka bar mai a wuta aka tafi hira.

Na juya na kalli Kawu. Shekara hamsin yana riƙe da tambaya ɗaya, ga ranarta ta zo. Ya buɗe baki, ya dubi Baba, sai ya rufe ya sunkuyar da kai. Wallahi da ya faɗa da ya fi sauƙi. Baba ya sauke bindigar. Na gan shi a makabarta, na gan shi a gadon asibiti, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, ba da kowa ba, “Ban san ta inda laima tas shiga ba.”

Inna ta saki hannuna ta buɗe ƙofar mota. Ta taka har gindin dutsen, ta juyo ta fuskanci mutane, ta ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

“Ba laima ba ce. Ni ce. Ajiyar Malam ba ta da aibi ko guda. Shekara ashirin da ukku ina hawan rumbunai duk bazara, ina shahe kartush ɗin ga da man shanu don kas su tsage. Ga ɗiyata nan, ta taɓa riƙe mani tsani. Wanda za shi dariya, ni za ya yi ma.”

Tsofaffin mata suka ɗauki salati. Hajiya sabuwa fil, ko gida ba ta shiga ba, ta tsaya gaban gari da dangin miji ta ce ta shiga rumbu! Ni kuma da aka ambata, na rasa inda zan sa fuskata, ga iyayen ɗalibai a wurin. Na san abin da wannan maganar ta ci mata, don Inna mace ce da ta fi son a ce ta yi rowa da a ce ba ta da kunya.

Baba ya daɗe yana kallonta daga kan dutse. Sannan ya ce, “Hawan rumbu kam na sani.”

Ta ce, “Ka sani?”

“Sawunki na gindin rumbu duk shekara. Kuma ba ki iya ɗaurin burgami ba, hagu kike ɗaurewa.” Ya miƙa wa jandarma bindigar, aka taimaka masa ya sauko. “Wa kike tsammani ka sake ɗaure tsanin ga duk bazara? Mi ni ka saye kasuwar Buza tun sahe har la'asar? Zama nike yi ƙarƙashin iccen bedi don ki gama ki sauko lahiya. Na aza kallonsu kike zuwa yi, ki tabbata ban mance ba.”

Inna ta ce, “To da ka tambaya mana.”

Ya ce, “Ke da kin hwaɗi mana.”

Kawu ne ya fara fashewa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, rawaninsa ya kwance, yana nuna ƙanwarsa yana cewa, “Ashe mu na! Ashe wannan karon Azarori ta!” Daga nan gari ya ɗauka. Wata gwaggonmu ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, masu babura suka danna oda gaba ɗaya, ƙarar ta fi ta kowace bindiga da na taɓa ji. Jandarman ma ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ni kuka nake yi, ina dariya, ina kuma jin kamar in kama su su biyun in girgiza. A haka aka shiga da Inna gari, haƙorin Makka a waje.

Jandarma ya tafi da harsashi biyun da suka ƙi tashi, ya ce ba a barin irinsu a gida. Kwankon na ukun, wanda ya riga ya zama fanko, Inna ta ce nata ne, tunda shi kaɗai ya yi ƙoƙari.

Da la'asar, bayan an raba dabino da zamzam, mutane sun ragu, muna zaune a tsakar gida mu uku. Baba ya gaji, ya jingina da bangon rumbu. Ya ce, “To, ƴar Azarori, kartush sun ƙare, kuma ba a samun wasu. Ki yahe mani alkawarin ga in huta.”

Na ɗaga kai, don na tuna abin da ya ce zai biyo bayan alkawarin. Ashe ita ma ya taɓa gaya mata. Tana juya fankon a tafin hannunta, ba ta ko dube shi ba.

Ta ce, “Ban yahe ba.”

“Hajiya, daga Makka hwa kike.”

“Ko daga ina nike. Ka ce za ka buga mani bindiga, ba ka buga ba. Alkawari na nan wuyanka, kuma ba inda za ka sai ka cika shi.”

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce to, in haka ne a kawo masa fura, don zaman zai yi tsawo.

Bazara huɗu ke nan da yin wannan. Ƙirjin yana tashi lokaci-lokaci, mu kai shi asibiti, ya dawo. Bindigar ya miƙa ta ga hukuma da kansa, ya ce in ranar ta zo zai ara. Hutun da ya wuce na je gida, na same su a inuwar rumbu. Inna ta fiddo fankon daga cikin kwallarta tana shafa masa man shanu a fili, gaban kowa. Baba yana kishingiɗe a tabarma yana kallo. Ya miƙa yatsa ya ce mata ta bar wani wuri a wajen gindin, ta ce ta gani, ba ta kai can ba ne tukuna.